Kundi mai shafi ɗari

A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, boka ba ya barin gida sai da kundinsa. Wasan ƙaga labari ne: a zauna a kewaye, kowa ya ɗauki jarumi guda, a jefa dayis kamar a wasan ludo, mai jan labari ya faɗi abin da ya biyo baya. Takarda ce da biro, babu wani tsafi, kuma haka na shaida wa iyayen yaran da muke wasan da su a nan Birnin Kebbi.

Bugun dokokin wasan na 2014 ya ce kundin shafi 100 ne. Boka yana farawa da laƙani 6, duk matakin da ya hau ya ƙara 2. In ya tsinci wani a hanya, kwafe shi zai ci awa 2 da zinare 50 a kan kowane matakin laƙanin. Sai dai ba a faɗi shafi nawa laƙani yake ɗauka ba, saboda haka kundin ba ya cika. Bugun 2003 kuwa ya fayyace: laƙanin mataki na uku shafi uku, na tara shafi tara.

Wannan tsohuwar doka na dawo da ita tabarmarmu, kuma ina ganin ta fi. Na zauna na lissafa: bokan da ke zaɓar laƙani mafi girma kullum, ko bai tsinci komai ba, a mataki na 10 ya cinye shafi 64, a na 13 ya zarce ɗari.

Labarinmu a ƙasar Kabi yake, zamanin Kanta. 'Yar yayata, wadda ta ɗauki boka kuma ba ta ganin laƙani ta wuce, ta shiga wani kango a Surame ta samo guda biyu, na jefa dunƙulen wuta da na numfashi a cikin ruwa. Kowanne shafi uku, ita kuma biyar suka rage mata. Ta jawo littafinta na makaranta inda take ajiye lissafin, ta bi layi-layi da yatsa, ta sake ƙirgawa.

"Kawu, ba za ka ƙara mini ko shafi ɗaya ba?"

Na ce a'a. Sauran yaran suka yi caa, kowa wuta yake so. Ita ta tuna ayarin jarumansu zai ƙetare Gulbin Rima wajen Argungu da damina, ta ɗauki na ruwa. Kafin ranar ba ta taɓa tambayar inda labarin ya dosa ba. Daga nan ta soma sauraron kowace magana da 'yan ƙauyen cikin labarin suka yi.

Dokar ba ta hana sayen kundi na biyu, zinare 50 ne kuɗinsa. Amma sai an kai kasuwa, sannan a yi shawarar wanda za a ɗauka da wanda za a bar wa amintacce, don kundin da ya faɗa gulbi ya tafi da duk laƙanin da boka bai haddace ba a safiyar.