Kwamfutar da ke mutuwa bayan La'asar

Kwana biyu kun ji ni shiru. Wata kwamfuta ce ta sa ni a gaba, har ta kusa ɓata tsakanina da ɗan ƙanena.

Tun da na baro Kumasi na zauna a Azare nake son buɗe shagon buga takardu, domin garin ɗalibai ne: ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga jami'ar jiha a Gadau ba nisa. Da na ɗauki adashi, sai na tura yaron Kano ya sayo kayan ɗaiɗai, ya zauna a zaure ya harhaɗa ta da hannunsa. Ta tashi lafiya lau.

A rana ta uku, ina cikin buga wa wata ɗaliba aikinta na kammala karatu, sai allo ya yi baƙi, kwamfuta ta mutu ta sake tashi da kanta. Shafi 11 suka tafi. Washegari ta sake. Nan take na ɗora wa yaron laifi, na ce ya yi mini koyo da kuɗina. Bai ce komai ba sai "Baffa, a ba ni mako ɗaya."

Ya bi duk abin da mutanen intanet ke cewa. Ya duba rajistar Windows, ya tarar da Kernel-Power 41, wanda iyakar ma'anarsa shi ne na'urar ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba, abin da ko jaririn gidanmu ya sani. Ya cire RAM ya mayar, ya bar MemTest86 yana gwada ta har asuba, babu kuskure. Ni kuwa na dage zafi ne, don watan Afrilu ne, kuma kowa ya san yadda ƙasar Katagum ke wuce digiri 40. Ya sake shafa wa farosesa mai, ya danna kowace waya, muka buɗe murfi muka sa mata fanka kamar majinyaci. Ta ci gaba da halinta.

Abin da ya fisshe mu littafin bashi ne. A bayansa yaron ya riƙa rubuta lokacin kowace mutuwa, kuma cikin kwana biyar babu wadda ta faru da safe. Duka tsakanin La'asar da Magariba ne. Wata rana muna zaune sai ya ce, "Baffa, dubi kwan fitila." Ya dushe, kwamfuta ta mutu, kuma a daidai lokacin muka ji ƙarar mai walda a bayan layinmu.

Muka aro mita. Wutar Najeriya volt 230 ce a takarda, amma a soket ɗina da yamma 180 take nunawa, in mai walda ya taɓa ƙarfe ta ƙara faɗuwa. Muka juya akwatin wutar kwamfutar, wanda masu gyara ke kira fawa, sai ga 200 zuwa 240 a rubuce. Masu kyau daga 100 zuwa 240 suke karɓa. Kuma ɗan cajin da fawa ke riƙewa ba ya kai ƙiftawar ido, wajen kashi 16 cikin 1,000 na daƙiƙa ne, don haka ɗan dushewar da firiji ke jurewa ya isa ya kashe kwamfuta. Muka kai ta gidan wani abokina mai sola, ta yi kwana uku ko tari ba ta yi ba.

Abin da ya ba ni haushi, ni da na sha dumsor a Gana a 2015, ban fara zargin wuta ba. Masu rubuta shawarwarin nan galibi suna zaune ne inda wuta ba ta rawa, shi ya sa soket ke zuwa ƙarshe a lissafinsu. Mu a nan daga shi ya kamata mu fara.

Ga kuma abin kunyar: ni ne na kira yaron yana kasuwa na ce ya sayi fawa mai araha, don a samu rarar kuɗin firinta. Ya tuna, bai faɗa ba. Na sayi wata mai kyau da UPS, na buga wa ɗalibar shafukanta kyauta. Shi kuwa na same shi bayan Isha'i na ce ya yi haƙuri, ya yi dariya ya ce in ba shi tsohuwar fawar, yana son fankar cikinta.