Bayan Ƙiba Ta Tafi: Abin da Na Gani a Tiyatar Ɗame Ciki

A ƙasar Hausa ƙiba ta daɗe tana cin sunan alheri. Idan amarya ta yi wata shida a ɗakinta aka ga ta ciko, sai a ce miji ya iya kiwo. Idan ɗan kasuwa ya ajiye tumbi, sai a ce kasuwa ta karɓe shi. Wanda ya rame kuwa tambaya ce ke bin sa duk inda ya shiga: “Lafiya dai ko?” Har yau akwai 'yan matan da ke haɗiyar ƙwayoyin nan da ake kira “sha ka fashe” don su yi jiki kafin biki. Saboda haka wanda ƙiba ta zame wa cuta yakan sha wahala sau biyu: jikinsa na ba shi azaba, mutane kuma na taya shi murna. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a doron ƙasa yana fama da ƙiba mai cutarwa.

Ni malamar makaranta ce daga Ɗankaza, a ƙaramar hukumar Wudil, uwar 'ya'ya biyar. An yi mini tiyata sau biyu a kan wannan lalura: ta farko don rage ƙiba, ta biyu don cire fatar da ta rage tana reto bayan ƙibar ta tafi. Labarin ta farko ya fara yaɗuwa a tsakaninmu, domin masu hali suna zuwa Masar da Indiya da Turkiyya a yi musu, wasu kuma a nan gida. Ta biyun ce ba a cika magana a kanta ba, saboda kunya, da kuma zaton cewa aikin 'yan gayu ne. Mata da dama sun tare ni a gidajen biki da na suna suna tambayata a ɓoye, shi ya sa na ga ya dace in amsa musu a fili.

Likitoci suna auna ƙiba ne ta hanyar raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita da aka ninka da kansa. Idan sakamakon ya kai 30, an shiga ƙiba mai cutarwa. Nawa nauyin ya kai kilo 128, tsawona kuma mita 1.62, wato awona ya doshi 49. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyi da ba sa barina in yi sujada sai da dabara. A watan Yunin 2022 aka yi mini tiyatar rage tumbi a birnin Alƙahira, irin wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, a bar ɗan siriri kamar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke tayar da yunwa, don haka ci ya ragu, sha'awar cin ma ta ragu. Cikin shekara guda da 'yan watanni na sauko zuwa kilo 76. Suga ya daidaita, maganin hawan jini ya ragu, na koma hawa matakalar makaranta ba tare da haki ba.

Sai dai fata ba ta bi kitse ta tafi ba. Fatar da aka shekara ashirin ana ja, ga haihuwa biyar, ta zama kamar robar siket da ta saki: ba ta komawa yadda take. Teɓar cikina ta zubo ta rufe saman cinyoyi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kan ganiyarsa, zufa takan taru a ƙarƙashinta, wurin ya saɓe, ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi da wari. In shafa magani ya lafa, bayan mako biyu ya dawo. Tsarki da wanka suka zama aiki, sai na ɗaga fatar da hannu ɗaya in wanke da ɗayan. Bayana ya riƙe saboda nauyin da ke jan gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya gan ni cikin hijabi sai ya ce na huta.

Tambayar da ta fara tsayar da ni ta addini ce: shin wannan ba canza halittar Allah ba ne? Maigidana ya kai maganar gaban wani malamin fiƙihu a Wudil. Malamin ya bambanta tsakanin kawar da cuta ko aibin da ya auku wa jiki, da kuma neman ƙarin ƙawa a jikin da yake lafiya lau. Ya kawo labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi kafin zuwan Musulunci, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ya kuma ambaci hukuncin da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a shekarar 2007, inda ta halatta tiyatar gyaran jiki idan lalura ko buƙata ta gaskiya ta sa, da sharaɗin ƙwararre ne zai yi, kuma amfaninta ya rinjayi cutarwarta. Da wannan zuciyata ta natsu.

Likitan da na gani a Kano ya fara ne da gyara mini fahimta. Ya ce, “Malama, wannan aiki ba ya rage ƙiba. Gyaran abin da ramewa ta bari ne, kuma tabonsa zai zauna tare da ke har ƙarshen rayuwa.” Ya bayyana mini cewa aikin iri biyu ne. Akwai wanda ake yanke fatar da ta zubo kawai. Akwai kuma cikakken, wanda ake yanka daga ƙugu zuwa ƙugu a ƙasan mara, a ɗaga fatar har zuwa haƙarƙari, a ɗinke tsokokin ciki biyu da juna biyu ya raba, a ja fatar ƙasa a yanke rarar, sannan a huda wa cibiya sabuwar ƙofa. Na biyun ne ya dace da ni, domin tsokokina sun buɗe har yatsu uku suna shiga tsakani.

Shirin ya fi aikin kansa tsawo. Sharaɗi na farko shi ne jira: ana so a yi wata 12 zuwa 18 bayan tiyatar rage ƙiba, kuma nauyi ya tsaya wuri guda na aƙalla wata uku zuwa shida, domin wadda aka ɗame tana kan ramewa fatarta za ta sake saki. Na biyu, a tabbatar an gama haihuwa ko an yi niyyar dogon hutu, saboda juna biyu yana iya warware ɗinkin tsoka. Wannan magana ce da muka zauna muka yi ni da maigida, kuma ina shawartar kowace mace kada ta tsallake ta. Na uku, jini da abinci. Wanda aka rage wa tumbi yakan yi ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da furotin, ciwo kuwa ba ya warkewa da kyau sai da su. Gwajin farko ya nuna jinina ya yi ƙasa, aka ɗaga aikin da wata biyu. A cikin watannin nan na lazimci ƙwai da wake da awara da kindirmo da hanta da zogale, da kifin da ake kamawa a kogin Wudil, kaɗan-kaɗan sau shida a yini, tare da magungunan ƙarin jini. Masu shan taba ko shisha ana hana su na aƙalla mako huɗu kafin aiki da bayansa, domin hayaƙin yana matse ƙananan hanyoyin jini har fata ta mutu a bakin ɗinki. An kuma tambaye ni duk wani jiƙe-jiƙe da sassaƙe da nake sha, aka ce in dakatar, saboda wasunsu suna tsinka jini.

Lokacin ma sai da muka zaɓa. Muka tsayar da watan Disamban 2023: makaranta na hutu, zafi ya sauka, kuma azumi saura kusan wata uku. Muka shirya in zauna a gidan yayata a cikin Kano har a cire robobi, domin tafiyar kimanin kilomita 40 daga Wudil a kan hanyar da manyan motoci ke bi ba ta mai sabon ɗinki ba ce.

Aikin ya ɗauki kusan awa huɗu, an cire fata da kitse mai nauyin kilo huɗu da 'yan kai. Na farfaɗo na tarar da ni a naɗe cikin ɗamara, da siraran robobi biyu suna zuƙe ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin fata zuwa cikin 'yan kwalabe. Washegari da safe ma'aikaciyar jinya ta ce in tashi in taka. Na ce, “Sista, ko numfashi da ƙyar nake yi.” Ta ce, “Hajiya, kwanciyar ce abin tsoro.” Gaskiya ta faɗa, domin babban haɗarin wannan aiki shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Don haka ake sa safa mai matsewa, a yi allurar tsinka jini, a kuma tilasta tafiya. Na taka a duƙe kamar tsohuwa mai neman allura, kuma a haka na yi ta tafiya kusan kwana goma kafin bayana ya miƙe.

Makonni biyun farko su ne masu wuya. Barci a jingine, da matashi a ƙarƙashin gwiwoyi. Ƙurar hunturu ta kawo tari da atishawa, kowanne kamar ana zare ɗinkin, sai na koyi rungume matashi a ciki kafin ya zo. Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kowane kemis, an hana ni su saboda suna iya jawo gyambo a ragowar tumbina. Salla a zaune na yi ta, da nuni, har mako huɗu. Kowace safiya Yaya takan auna ruwan da ya taru a kwalabe ta rubuta a littafi, sai da ya ragu sosai aka cire robobin a rana ta goma sha biyu. Bayan haka ruwa ya ɗan taru a gefen hagu, wanda shi ne matsalar da aka fi samu a irin wannan aiki, likita ya zuƙe shi da sirinji sau biyu ya wuce.

Da na koma Ɗankaza na gane cewa takardar sallama an rubuta ta ne da tunanin gidan birni. An ce kada in ɗaga abu mai nauyi na mako shida. A ƙauye kuwa kusan komai nauyi ne ko duƙawa: jan guga, daka, shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a tsugune, tashi daga tabarma, goyo. Bayan gida ma na tsuguno ne, sai da maigida ya sa kafinta ya yi mini kujera mai rami. Sai kuma kulawar dangi, wadda ita ma ke buƙatar lura. Surukata ta sa aka dafa ruwa da ganyen darbejiya, ta ce, “'Yata, ciki ba ya komawa sai an gasa shi.” Na ce, “Inna, wurin ba ya jin zafi ko sanyi yanzu. Ko na ƙone ba zan sani ba.” Haka abin yake, domin yankan yana taɓa ƙananan jijiyoyin ji, fatar ƙasan cibiya takan yi watanni a mace. Da ta taɓa da hannunta ta ga ban ji ba, ita da kanta ta hana kowa kawo mini ruwan zafi, ta koma dama mini kunun gyaɗa.

Ɗamara na sa dare da rana na mako shida. Na koma aji a mako na bakwai. Kumburi bai gama sauka ba sai bayan wata huɗu, tabon kuma ya yi duhu ya yi kauri kafin ya fara laushi. Yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya zauna. Mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tasowa, don haka duk wadda hujin kunnenta ko wani tsohon ciwo ya taɓa yin tudu ta gaya wa likita tun kafin a sa wuƙa. Azumin 2024 na yi shi da izinin likita. Zafin shekarar ya zo ya wuce ban nemi maganin shafawa ko sau ɗaya ba.

Ga mai tunanin bin wannan hanya, shawarata uku ce. Ta farko, a binciki mai yankan. Tallan gyaran jiki ya cika Instagram da TikTok, da hotunan “kafin” da “bayan” da rangwamen farashi. A tambaya ko likitan yana da rajista da Majalisar Kula da Likitoci ta Najeriya, ko ya ƙware a fannin tiyatar gyaran jiki, ko akwai ƙwararren likitan sa barci, da wurin ajiyar jini, da ɗakin kulawa ta musamman. Manyan asibitocin gwamnati irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wuri ne da ya dace a fara neman shawara. Ta biyu, wanda zai je waje ya tanadi likitan da zai karɓe shi a gida, domin matsaloli sukan taso ne bayan an dawo, kuma doguwar tafiyar jirgi da sabon ɗinki tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Ta uku, a yi lissafin mai jinya kamar yadda ake lissafin kuɗi. Mako shida ba a yin su da mutum ɗaya.

Ga sauran jama'a kuma, musamman iyaye da mazaje, roƙona shi ne mu daina auna jin daɗin 'ya'yanmu da matanmu da faɗin jikinsu. Yarinyar da ake yi wa gorin rama yau har ta kai ga haɗiyar ƙwaya, ita ce za a kai asibiti da suga da hawan jini nan da shekara ashirin, kuma ba kowane gida ne zai iya sayar da gona ya biya kuɗin tiyata biyu ba. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita.