Fito a Kogin Binuwai: Wane Jirgi Ya Kamata A Shiga Tsakanin Tsibiran Jimeta?

Karewa unguwa ce ta manyan ma'aikata a Jimeta, mai faffaɗan tituna da inuwar itatuwa da gidaje masu katanga, wadda ta bunƙasa bayan da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976 aka mai da Yola babban birninta. Mutum yana iya shekara goma a cikinta bai taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba, alhali kuwa Kogin Binuwai yana kwance 'yan kilomitoci kaɗan daga ƙofar gidansa. Abin da yawancin mazaunanta suka sani game da kogin bai wuce abin da ido ke hangowa ta tagar mota ba, sa'ad da ake haye gada za a Girei ko Song ko Mubi. Amma yashin da ake gini da shi a garin daga cikin kogin ake haƙo shi, kifin da ake soyawa da yamma daga can ya fito, kuma duk ranar da wata bukata ta kai mutum Bakin Kogi, tilas ya tsaya gaban jiragen da ke ɗaure ya zaɓi wanda zai ba amanar ransa.

Kogin ya taso ne daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru, ya bi ta Garwa, ya haɗu da Faro dab da kan iyaka, ya ratsa ta Jimeta da Numan inda Gongola ke zubo masa, ya wuce Ibi da Makurɗi har ya tarad da Kwara a Lakwaja, tafiyar kilomita kamar 1,400. Sai dai a Jimeta kogi biyu ne ke amsa suna ɗaya. Akwai na damina, wanda daga watan Agusta zuwa Oktoba yakan cika ya batse, ja wur, yana ɗauke da kututture da ciyayi, har mai tsayuwa a wannan gaɓa da ƙyar yake shaida mutumin da ke waccan. Akwai kuma na rani, wanda ke janyewa ya rarrabu rassa rassa, ya bar tuddan yashi fari fat a tsakiya, ga duwatsun Bagale suna leƙowa daga arewa cikin hazo.

Waɗannan tuddai su ne tsibiran Jimeta. Galibinsu ba su da suna a taswira, domin ba su zama wuri ɗaya. Wanda aka sani bara a nan, bana sai a tarar ya gusa, ko ya rabu biyu, ko ruwa ya cinye shi. Duk da haka akwai rayuwa a kansu. Masunta, Batawa da Jukunawa da Hausawa, sukan kafa bukkokin ciyawa su shanya koma. Manoman rani suna shuka a inda ambaliya ta bar laka. Masu haƙar yashi suna loda jirage tun da sassafe, makiyaya kuma suna kora shanu su ƙetare zuwa inda ɗanyar ciyawa ta saura. Matan da ke sarin kifi, da ma'aikatan allurar rigakafi, da mai gona da ya zo duba amfaninsa, duk sukan bukaci su tashi daga wannan tsibiri zuwa wancan, kuma a nan ne fito ya fi wuya. Daga gaɓa zuwa gaɓa akwai mashigi sananne da kowa ke bi. Tsakanin tsibiri da tsibiri kuwa ruwan ya matse ne a ƙunci, saboda haka ya fi gudu, ya fi zurfi a gefen da yake zaizayar yashi, sa'an nan hanyarsa ta bana ba ita ce ta bara ba.

Jirgi na farko da mai tafiya zai gani shi ne kwale-kwalen gargajiya, wanda aka sassaƙa daga gungumen itace guda, ana tura shi da gwangwala inda ba zurfi, ana tuƙa shi da filafili inda sanda ta kasa taɓa ƙasa. Tsohon abu ne ƙwarai a wannan kogi. Ran 18 ga watan Yuni 1851 Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya iso mahaɗar Binuwai da Faro kan hanyarsa ta zuwa Yola, zamanin Lamiɗo Lawal ɗan Modibbo Adama. A irin waɗannan kwale-kwale aka fitar da shi, kuma ya bayyana su da cewa dogaye ne matsattsu, ɗaya har a karkace yake, dawaki suna iyo a gefe, raƙumi kuwa sai da aka sha fama da shi. Wanda ya shiga irinsa yau zai ga bayanin bai tsufa ba. Zama a cikinsa sai a tsugune, ba a miƙewa, ba a juyawa da gaggawa, kuma wanda bai saba ba yakan ji kamar numfashinsa ma zai iya kifar da shi.

Na biyu shi ne jirgin katako, wanda kafintoci ke harhaɗawa da alluna da ƙusoshi, su toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta, a ɗaura masa inji a baya, galibi ƙirar Yamaha. Ya fi faɗi, ya fi ɗaukar kaya, shi ne motar haya ta kogi: buhunan masara, babura, awaki, mata da goyo, duk a ciki. Na uku kuma ƙaramin jirgin gudu ne irin na hukuma da masu aikin ceto, wanda ba kasafai talaka ke samun sa ba, don haka ba sai an tsawaita magana a kansa ba.

Baƙo daga cikin gari kusan kullum mai inji yake nufa, don yana ganin abin da ya fi girma ya fi tsada shi ya fi aminci. Da rani wannan lissafi bai cika fita ba. Farfelar inji tana bukatar zurfi, kuma tsakanin tsibirai akwai wuraren da ruwa bai kai gwiwa ba, dab da wuraren da ya shanye mutum biyu a tsaye. Jirgi mai nauyi yakan hau yashi ya kafe, a ce fasinjoji su sauka su tura, kuma a wajen turawar nan ne mutum ke taka ramin da masu haƙar yashi suka bari ko bakin kwarin da ruwa ya yanka, ya nutse tufafi da kaya. Kwale-kwale kuwa ruwa kaɗan ya ishe shi, kuma gwangwalar da ke hannun mai fito ita ce ma'auninsa. Kowane turi da ya yi yana gaya masa zurfin wurin da irin ƙasar da ke ƙarƙashi. Yana kuma karanta fuskar ruwa: inda ya yi ƙananan tattara yana ƙyalli, yashi na kusa, inda ya yi duhu ya kwanta sumul, akwai zurfi, inda yake juyawa kamar ana dama fura, akwai abin da ke kwance a ƙasa. Wannan ilmi ba a makaranta ake samun sa ba, kuma ba ya ɗorewa, sai an sabunta shi kowace shekara bayan ruwa ya janye. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace amfani a bakin kogi ita ce ko mai jirgin ya bi wannan hanya a makon nan.

Da damina kuwa magana ta juye. Yawancin tsibiran sun nutse, waɗanda suka saura sun yi nisa da juna, igiyar ruwa ta yi ƙarfin da mai filafili sai ya hau can sama ta gefen gaɓa kafin ya yanko a karkace, ruwa na jan sa har ya sauka inda yake nufi. In ya kuskure, sai ya wuce. A wannan lokaci jirgin katako mai faɗi shi ne zaɓi, amma da sharaɗi: a duba ko akwai filafili a ciki. Inji yakan mutu a tsakiyar kogi, ko mai ya ƙare, ko ciyawa ta naɗe farfela, kuma jirgin da ya rasa tuƙi nan da nan ruwa ke juya shi ya ba igiya haƙarƙari. Matuƙin da ya dogara ga inji kaɗai har ya bar filafili a gida, ya riga ya nuna irin hankalinsa tun ba a tashi ba.

Ba ƙananan jirage kaɗai ke bin umurnin lokaci a Binuwai ba. Jirgin tururi mai suna Pleiad, wanda Dokta Baikie ya jagoranta a 1854, da damina ya hau kogin, kuma ya juya bai kai Yola ba. Sojojin Ingila da Kanar Morland ya kawo suka ci Yola a farkon Satumba 1901, har Lamiɗo Zubairu ya fita daga garin, cikar ruwa suka jira ta ɗauko su. Daga baya, zamanin da kamfanonin UAC da John Holt ke jigila, 'yan watannin cikar kogi kaɗai manyan jirage ke isowa Jimeta da Garwa, su sauke gishiri da siminti da kananzir, su ɗebi gyaɗa da auduga, su yi hanzarin komawa kafin yashi ya tare su. Wannan ciniki shi ya raya Jimeta ta zama tashar jirage tun Yola tana garin sarauta kawai. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da shimfiɗa titunan mota suka karya shi. Abin lura shi ne, kamfanonin da ke da injiniyoyi da taswirori ba su taɓa yin gardama da kogin ba. Mai ƙaramin inji ne yau ke ganin zai iya.

Ko wane iri aka zaɓa, akwai abin da ido zai duba kafin ƙafa ta shiga. Na gaba duka shi ne tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi bayan an gama lodi. In ba ta kai tsawon tafin hannu ba, ƙaramar iska ko igiyar wani jirgi da ya gifta ta isa ta cika shi. A dubi cikinsa kuma: ɗan ruwa a ƙasa ba abin tsoro ba ne, kowane jirgin katako yana tsatsa, amma in yaron jirgi yana ta kwarfa da yankakken galan tun ana ɗaure a gaɓa, to, a tsakiya hannu biyu ba za su ishe shi ba. Sa'an nan a ɗaga kai a dubi gabas. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta da iska yake zuwa, kuma daga lokacin da gari ya yi baƙi zuwa saukarta sau da yawa bai kai tsawon fito ɗaya ba. Wahalar ita ce, duk wanda ya ce zai sauka don an cika lodi, kallon matsoraci ake yi masa, a ce ai rai a hannun Allah yake. Haka ne, amma kunyar minti biyu ba ta kai a sayar da rai saboda ita ba, kuma mafi yawan waɗanda ke cikin jirgin, musamman mata da yara, ba su iya iyo ba.

Jihar Adamawa ta ga sakamakon wannan a watan Satumba 2023, lokacin da jirgi ya kife a tafkin Njuwa da mutanen Rugange, nan kusa da Yola, sa'an nan bayan 'yan kwanaki wani ya kife a Gurin ta ƙaramar hukumar Fufore, tsohon mazaunin Modibbo Adama, aka yi asarar rayuka a duka biyun. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta hana wuce kima a lodi, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Doka ce mai kyau, sai dai mashigai suna da yawa, masu sa ido kaɗan ne, kuma a tsibirin da ba shi da suna babu jami'in da zai ƙirga fasinja. Wanda ke yawan fito, gara ya sayi rigarsa ya riƙa tafiya da ita, ko da za a yi masa dariya.

Tun 1982 kuma an sami wani sabon abu da tsofaffin masu fito ba su gada ba. A shekarar ne aka kammala madatsar Lagdo a Kamaru, kimanin kilomita 50 daga Garwa, kuma duk lokacin da ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwa yakan taso a Fufore da Yola da Girei da Demsa da Numan ko da sama tana tas babu gajimare. Haka aka gani a babbar ambaliyar 2012, aka sake gani a 2022. Madatsar Dasin Hausa, wadda aka tsara ginawa a ƙasar Fufore don ta tare wannan ruwa, shekaru sun shuɗe tana kan takarda. Saboda haka sanarwar rediyo ta shiga cikin kayan aikin mai fito, daidai da gwangwala da filafili, kuma wanda zai kwana a tsibiri daga watan Agusta ya kamata ya san abin da aka faɗa a labarun ranar.

Akwai kuma batun komowa, wanda baƙo ya fi mantawa. Tsibiri ba tasha ba ne, ba a tsayawa a jira jirgi na gaba. Sai a yi magana da mai fito tun a gaɓa, a tsai da lokacin da zai dawo, a bar wani abu daga kuɗin fito sai an komo, kuma a sa lokacin ya zama kafin la'asar ta yi sanyi, domin da almuru fuskar ruwa ba ta karantuwa, dorina kuma, a sassan kogin da take, lokacin ne take motsi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fito mafi hatsari a shekara shi ne na tashi. Idan ruwa ya fara sauya launi, kumfa da karmami suka fara gangarowa, mazauna tsibiri sun san saura kwanaki. Sai a rushe bukka, a naɗe koma, a ɗaure buhuna, a kama kaji da awaki, kowa yana so ya kwashe nasa a sahu ɗaya don kada ya biya kuɗin fito sau biyu, masu jirage kuma sun yi kaɗan ga masu neman su. Tsofaffin masunta sukan fara tura mata da yara da hantsi a jirgin da ba kaya, su kuma su biyo baya da buhuna.