Ranar Da Kabeji Ya Ba Mu Kunya

Duk wanda ya taɓa ajiye abinci gaban surukai, ya ga sun kai loma ɗaya sun ture faranti gefe, to ya san abin da ake kira kunya. Haka ta same mu a wata ƙaramar salla da ta faɗo cikin bazara. Shinkafa ta yi, kaji sun soyu, amma haɗin kabeji da karas da bama, wato kosilo, ya fito da ɗaci kamar an jiƙa maɗaci a ciki.

Baƙi na fita muka hau ƙanwarmu da faɗa, don ita ta haɗa. Yarinya ta yi rantsuwa har da hawaye. Gwaggo da ke zaune gefe ta ce, "Ku bar ta haka nan. Wa ya sayo kabejin, kuma yaushe aka yanka shi?" Nan jikinmu ya yi sanyi, domin mu ne muka sayo, mu ne kuma muka ce a yanka tun daren jajibere.

Daga baya muka bi diddigi. Ashe kabeji yana ɗauke da wasu sinadarai masu ɗaci da yaji, waɗanda yake kare kansa da su daga ƙwari. Muddin ganyen yana lafiya ba sa fitowa sosai, amma da zarar an yanka sai su fara tashi. Kabejin da ya tsufa, ko ya sha zafi da ƙishirwa a gona, ya fi ɗaci. Namu kuwa na araha ne, ya yi yaushi. Muka haɗa da kututturen tsakiya da ganyen waje don kada a yi asara, muka daddage shi da dakusasshiyar wuƙa, sannan ya kwana a yanke. Araha dai ba ta ado.

Yanzu mun koyi hankali. Mukan zaɓi mai nauyi a hannu, wanda ganyensa ya matse. Mu cire na waje da kututturen, mu yanka siri-siri da wuƙa mai kaifi ranar da za a ci. Sai mu barbaɗa gishiri kamar ƙaramin cokali 1, mu bar shi minti 30, mu ɗauraye da ruwan sanyi, mu matse. Karas ma mukan datse kansa idan ya yi kore. Ɗan sukari da lemon tsami su ke danne sauran ɗacin. Kafin a zuba bama kuma, lalle sai an ɗanɗana.

Ɗacin kabeji ya wuce a yini guda, amma neman gafarar ƙanwarmu sai da ya ɗauke mu mako. Allah Ya raba mu da yanke hukunci kafin bincike, amin.