Kukan Mai Jego

'Yan uwana mata, idan mai jego ta daina barci, ta ƙi ko kunun kanwa, sai kuka ba dalili, har ba ta son kallon jaririnta, me muke cewa? Wai iska ce, ko sammun kishiya. Sai a hau hayaƙi da jiƙe-jiƙe.

Alhali likitoci sun gano akwai sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa, yana yawaita lokacin goyon ciki, ana haihuwa ya faɗi warwas. A 2023 Amurka ta amince da ƙwayar zuranolone don wannan ciwon, shan kwana 14 kacal. Kuɗinta fa a 2023, kusan dala dubu 16! Amma ko asibitin Dawanau ana ba da maganin damuwa, in maigida ya yarda a kai ta. Shi tsoronsa kar dangi su ce matarsa ta zautu.