Hawan Tsaunin La Silla, Inda Aka Auna Abin da Ido Ba Ya Gani

Da sassafe muka bar La Serena, garin bakin teku a arewacin Chile, muka kama babbar hanyar Panamericana. Hazo ya lulluɓe gaɓar teku, amma muna fara hawa ya tsaya a ƙasa, sama ta washe tas. Ƙasa ce busasshiya, daga duwatsu sai ƙaya. Kusan kilomita 160 ne zuwa La Silla, tsauni mai tsayin mita 2,400, inda ƙungiyar ESO ta ƙasashen Turai ta buɗe cibiyar hangen taurari a 1969.

Da rana ta ɗaga, kawalwalniya ta riƙa shimfiɗa mana ruwan ƙarya a kan kwalta. Iska mai zafi ce ke lanƙwasa haske har ido ya ruɗu. Abin da ya kawo ni ma lanƙwasar haske ce, sai dai a sararin samaniya nauyi ne ke yin aikin, kamar yadda Einstein ya nuna a 1915.

Da rana ake karɓar baƙi, don dare na masu aiki ne. Aka shigar da mu ɗakin na'urar hangen nesa ta NTT, mai madubi faɗin mita 3.58. Sanyin ɗakin ya ratsa ni, kuma da gangan ake barin sa haka, domin madubi mai ɗumi yana motsa iskar da ke kansa, hoto ya dushe. Amma hankalina yana kan wata ƙubba da jagorarmu ta nuna mana daga waje, ta na'ura mai mita 2.2. Can a wani tsauni kuma ana hango Las Campanas, gidan na'urorin Magellan biyu. Hotunan da aka ɗauka daga waɗannan wurare, haɗe da na na'urar Hubble da ke sararin samaniya, su ne masanin taurari Douglas Clowe da abokan aikinsa suka yi amfani da su a 2006 wajen zana taswirar nauyin gungun galaksi na Bullet.

Na roƙi jagorar ta ƙara bayani, ta kuwa zauna a kan dakali ta zana mana a takarda. Galaksi, wato tarin biliyoyin taurari, sukan taru ɗaruruwa su zama gungu. Hasken galaksin da ke can bayan gungun dole ya ratsa ta gefensa kafin ya iso mana, nauyin gungun kuma ya karkatar da shi. Kaɗan daga cikin waɗannan galaksi na baya sukan miƙe su zama baka. Yawancinsu kuwa ɗan jan da ake yi wa siffarsu bai taka kara ya karya ba, kuma galaksi ɗaya ba ta shaida komai, tunda dama ba a zagaye aka halicce ta ba. Sai an auna dubbai, a ga sun karkata gefe guda tare, sannan lissafi ya fitar da inda nauyin yake. Nan na gane dalilin wahalar hawa wannan tsauni: in iska ta yi rawa, siffar ta lalace.

Bullet gungu biyu ne da suka yi karo suka ratsa juna. Iskar gas mai zafi, wadda ita ce mafi yawan abin da ake iya gani a cikinsu, ta cije a tsakiya, na'urar Chandra da ke sararin samaniya ta ɗauko ta. Amma taswirar ta nuna nauyin ya wuce gaba tare da galaksin, ya bar gas a baya. Ke nan akwai wani ɓoyayyen abu, mai nauyi, marar haske, da ya rinjayi duk abin da ake gani. Tun 1933 Fritz Zwicky ya yi zarginsa a gungun Coma, aka daɗe ba a saurare shi ba. A ganina babu hujjar da ta kai wannan ƙarfi, domin ta raba abubuwa biyun, ta nuna kowanne a wurinsa.

Kafin la'asar muka gangaro. Direbanmu ya ce in ina da hali in leƙa kwarin Elqui, daga can ake hawa tsaunin Pachón. A kansa aka gina cibiyar Vera Rubin mai madubi mita 8.4, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, za kuma ta yi shekara 10 tana ɗaukar samaniyar kudu, tana tara siffofin biliyoyin galaksi don irin wannan awo.