Ranar da Goggo ta tambaye ni wa ya fasa tulun

Wannan makon ni layi ya zo kaina, kuma da tonon asirin kaina zan fara.

Bara na gama wani gajeren labari, na zauna ina karanta wa goggona. Ba ta yi boko ba, amma kunnenta ba ya barin magana ta wuce a karkace. Ina kaiwa inda na rubuta "An fasa tulun ta hannun Ladi", sai ta ɗaga min hannu. "Dakata, ɗan nan. Ladin ce ta fasa, ko aikenta aka yi?" Na ce ita ta fasa, Goggo. Ta ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Na daɗe ina juya tambayar kafin na gane ba da Hausa na yi tunanin jimlar ba. Shekaruna da yawa ina rubuta takardun ofis da Turanci, kuma akwai wani gini da Bature yake amfani da shi kullum: "The pot was broken by Ladi." Abin da aka yi wa aikin shi ke shiga gaba, mai aikin kuma a tura shi can ƙarshe bayan "by". In an ga dama ma a cire shi ɗungurungum. Duk wanda ya taɓa bin fayil ya san "your file was misplaced": takarda ta ɓata, babu wanda ya ɓatar. A 1987 shugaban Amurka Ronald Reagan ya fake da irin wannan ginin kan badaƙalar sayar wa Iran makamai, ya ce "mistakes were made", bai ce ga wanda ya yi kuskuren ba. Tun 1946 George Orwell ya gargaɗi marubutan Turanci kan yawan amfani da shi, duk da shi ma bai tsira ba a cikin maƙalar da ya yi gargaɗin.

Mu ma muna da namu mayafin. Muna cewa "an fasa tulu", ko "tulu ya fashe" kamar shi ya ga dama. Sai dai "an" ɗinmu ba ya karɓar mai aiki a bayansa. Da zarar ka san wanda ya yi kuma kana son faɗa, dole ya fito fili. Shi kuwa "ta hannun" ɗan aike yake nunawa, kamar a ce an aiko kuɗi ta hannun Ladi. Ashe ni da kaina na wanke Ladi, alhali labarin gaba ɗaya a kan laifinta ya ginu. Abin da nake nema tun farko shi ne, "Tulun nan, Ladi ce ta fasa shi." Tulun ya samu gaban da nake so, Ladi kuma ba ta kuɓuta ba.

Na koma cikin rubutun na tsinci irinsu sun fi goma, na gyara. "An" guda ɗaya na bari da fargaba, inda amarya ta tarbi mijinta a bakin ƙofa ta ce, "An dawo?" Da na sake karanta wa Goggo, ko motsi ba ta yi a wajen ba. Ta ce ai wannan kunya ce, in ci gaba.